Yadda Za Ka Zaɓa Wa Matashi Keke Mai Giya Idan Kuɗinka Ba Su Da Yawa

Tambayar wane keke za a saya wa matashi da kuɗi kaɗan ta daɗe tana maimaituwa daga iyaye da yayye a ƙauyukan Kano da Jigawa. Yaro ya shiga sakandare, makarantar tana garin gaba, kuɗin achaba kullum ya fi ƙarfin gida, shi kuma ya ƙi tsohon Raleigh ko Phoenix na babansa, ya ce sai keke mai giya, irin wanda ake kira keken hawan dutse. A kasuwa kuma kekunan nan iri-iri ne, wani ya shekara biyar yana aiki, wani kafin a gama zango ɗaya an jingine shi a zaure. Abin da ke raba su yawanci ido na iya ganinsa tun a wurin saye, in dai an san inda za a duba. Ma'aunin da za ka riƙe daga farko har ƙarshe shi ne: keken ya yi wa yaron daidai, kuma mai gyaran keken garinku ya iya gyara duk abin da ke jikinsa da kayan da ake samu a kasuwar kusa.

1. Tantance hanyar da aikin

Kafin maganar kuɗi, bi hanyar da yaron zai riƙa bi, ko ka tambayi masu binta. Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. A wajajen Gumel, Maigatari, Babura da Dambatta yashi ne matsalar, can ana bukatar taya mai faɗi da giya mai sauƙi da za ta fitar da yaro daga burji mai rairayi. A wajajen Dutse, Birnin Kudu, Kazaure, Rano da Tudun Wada akwai duwatsu da tsakuwa da gangare, can birki mai kyau ne kan gaba. A fadamun Haɗeja da Auyo, ko gonakin rani na Kura da Garun Malam, taɓo ne ke cika tsakanin taya da firam, wato gangar jikin keke, da damina, don haka ana son keken da ke da sarari a wurin.

Sai aikin. Faɗa wa kanka gaskiya: makaranta kaɗai ne, ko har da kai niƙa, ɗebo ruwa da kai abinci gona? Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin yaron. Yawancin kariyar alminiyam da ake ɗaura wa kekunan nan iyakarta ke nan. Idan babban aikin keken dakon jarkoki biyu ne ko buhu, keke mai giya ba shi ne ya dace ba, tsohon baƙin keke mai kariyar ƙarfe ya fi shi wannan aiki nesa ba kusa ba. Idan kuwa tafiya ce da jakar littattafai da ɗan kaya jefi-jefi, sai a ci gaba.

2. Raba kuɗin kashi biyu tun daga gida

Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma yana bin canjin kuɗi, don haka lissafin da ba ya ruɗi shi ne na kaso. Kashi uku cikin huɗu na keke ne, kashi ɗaya na abin da zai biyo baya. A ce naira 100,000 ka tara. Kada keken ya wuce 75,000. Ragowar 25,000 ita ce ta tif biyu, robar birki, wayar birki ko ta giya, famfo, kwaɗo da sarƙar ɗaurewa, hular kwano, ladan mai gyara, la'adar dillali da kuɗin motar da za ta kawo ku gida.

Kwana ɗaya ko biyu kafin kasuwa, je wurin mai gyaran keken garinku ka tambaye shi kuɗin waɗannan a yau: taya mai lamba 26, tif ɗinta, sarƙa, firiwil (haƙoran ƙafar baya da sarƙa ke hawa) mai jeri bakwai, robar birki da feda. Rubuta a takarda. Wannan takardar ce makamin cinikinka, domin duk abin da ka gani ya lalace a keken, ka san nawa za ka cire.

Gargaɗi: kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan keke da niyyar gyara daga baya. Keken da aka hau da birki rabi-rabi ko sarƙa mai tsalle, ɓarnarsa ƙaruwa take yi, kuma ran yaro ne a kai.

3. Auna yaron, kada ka dogara da shekarunsa

Nan ne aka fi tafka kuskure. Sai a ce a saya masa babba, ai girma yake yi. Riga ana iya yi mata haka, keke ba a yi masa. Yaron da ƙafarsa ba ta isa ƙasa da sauri, hannunsa kuma ya miƙe ƙarshe kafin ya kama birki, shi ne wanda ke faɗuwa idan akuya ta gitta ko tayar gaba ta nutse a yashi.

Jingina shi da bango ba takalmi, ka sa alama a saman kansa, ka auna da tef ɗin tela. Ga yadda tsawo ke tafiya da girman keke a mafi yawan kamfanoni:

Daga santimita 130 zuwa 148: keke mai taya inci 24.
Daga 148 zuwa 158: taya inci 26, firam inci 13 ko 14.
Daga 158 zuwa 168: taya inci 26, firam inci 15 ko 16.
Daga 168 zuwa 178: firam inci 17 ko 18.
Sama da haka: firam inci 19 ko 20.

Girman firam ana auna shi ne daga tsakiyar inda fedoji ke juyawa zuwa bakin bututun da sandar sirdi ke shiga. Tafi da tef ɗin kasuwa, domin takardar lambar da ake liƙawa a jikin tsofaffin kekuna sau da yawa ta goge.

Lambobin nan jagora ne kawai, hukuncin ƙarshe na jikin yaron ne. Ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Tsakanin ƙarfen sama da gabansa a samu sararin aƙalla yatsu uku, wajen santimita 5. Idan ƙarfen na taɓa shi, keken ya yi masa girma, a wuce wurin ko da araha ne. Girman da yaro zai yi nan gaba sandar sirdi ce ke ɗaukarsa: nemi keken da ya yi masa daidai yau alhali sirdin yana ƙasa-ƙasa, ta yadda akwai sauran tsawon da za a riƙa ɗagawa shekara biyu ko uku. Idan yaron na tsakanin girma biyu kuma bai wuce shekara 14 ko 15 ba, ana iya ɗaukar na saman, amma da sharaɗin sararin yatsu ukun nan yana nan.

Ga yarinya, ko yaron da ke zuwa Islamiyya da doguwar riga, firam mai ƙarfen sama da ya gangaro ƙasa ya fi sauƙin hawa da sauka.

Game da taya, shawara ita ce a tsaya a inci 26. Akwai masu 27.5 da 29, kuma kekuna ne masu daɗin hawa, amma tayarsu da tif ɗinsu sai an shiga birni, wani lokaci ma sai an yi yawo. Lamba 26 kusan kowane mai kayan keke yana da ita. A duba gefen tayar, za a ga rubutu kamar 26 x 1.95 ko 26 x 2.10. Kekunan nan masu taya jibgegiya kamar ta babur, masu faɗin inci 4, suna burge samari kuma suna tafiya a yashi, amma nauyi gare su, tayarsu tana da tsada, kuma ranar da ta fashe keken ya zauna.

4. Sabo ko ɗan kwatano, da wanda za ka tafi da shi

Da kuɗi kaɗan zaɓi biyu ne a gabanka: sabon keke mai araha da ke sheƙi a cikin leda, ko wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi. A kuɗi ɗaya, ɗan kwatano mai lafiya na kamfani irin su Giant, Trek, Merida, GT, Scott ko Specialized ya fi sabon mai araha ƙarko, domin ƙarfensa da boris ɗinsa da giyarsa duk an yi su ne don aiki. Sai dai ba kowane ɗan kwatano ne mai kyau ba, a cikinsu akwai waɗanda tun a can ma na araha ne, kuma akwai waɗanda suka sha wuya. Sunan da ke jikin firam ma ba hujja ba ne, ana liƙa sitika. Matakan da ke ƙasa su ne za su nuna maka gaskiyar keken.

Zaɓi ya fi yawa a cikin Kano, musamman wajajen Sabon Gari. Kasuwannin mako kamar Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin ko Maigatari ranar Alhamis sun fi kusa da mutanen karkara, sai dai abin da aka kawo ranar shi za ka tarar, kuma da yawa kekunan da aka riga aka mora ne a gida. Ko ina ne, je da hantsi, lokacin da haske zai nuna maka tsaga da tsatsa, kuma ba ka cikin saurin kama motar komawa.

Mutum biyu za su raka ka: yaron da kansa, da mai gyaran keken da zai riƙa kula da shi. Biya wa mai gyaran kuɗin mota da na wuninsa. Wannan ɗan kuɗin shi ne mafi amfani a duk abin da za ka kashe. A aljihu kuma a sa tef, ɗan maganaɗisu (na tsohuwar lasifika ya isa), tsumma, sifana mai lamba 15 da alanki 4, 5 da 6.

5. Fara da firam

Komai na jikin keke ana canzawa, ban da firam. Goge ƙura da tsumma, ka bi duk inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe: wuyan keke, ƙarƙashin wuyan, wurin fedoji, bakin bututun sirdi, da inda ƙafar baya ke zama. Abin da kake nema shi ne siririn layi kamar gashi, ko wurin da fenti ya tattare ya yi ƙuraje. Fentin da ya tattare a bayan wuya alama ce ta keken ya taɓa yin karo da gaba. Ka kuma lura da sabon fenti a wuri ɗaya ko sitikar da aka liƙa a inda ba a saba ba, a ɓare a gani.

Ɗora maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, alminiyam ne, kuma sau da yawa za ka ga lamba 6061 ko 7005 a jiki. Alminiyam ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, amma idan ya tsage mai waldar bakin titi ba zai iya yi masa gyaran da zai riƙe ba. Ƙarfe ya fi nauyi, amma ana yi masa walda a kowane gari. Saboda haka ƙaramar tsaga a firam ɗin alminiyam ta kashe ciniki gaba ɗaya. Ga ƙauyen da ke nesa da birni, firam ɗin ƙarfe mai kyau ba abin rainawa ba ne.

Tsuguna a bayan keken ka hango shi daga ƙafar baya zuwa ta gaba. Dole su zauna a layi ɗaya. Idan ɗaya ta karkace, firam ko fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ya lanƙwashe.

Kwance sandar sirdi ka ga tana motsi sama da ƙasa. A tsofaffin kekuna takan manne da firam har ba ta fita, kuma keken matashi da sirdinsa ba ya ɗaguwa ba shi da amfani bayan shekara ɗaya. A jikin sandar akwai layin da aka zana kusa da ƙarshenta. Gargaɗi: kada a taɓa ɗaga sirdi har layin nan ya fito waje, yin haka yana tsaga bakin firam ko ya karya sandar yaro na kai.

Daga nan yaron ya ɗaga keken da hannu biyu. Keke mai kyau na wannan aji yakan kai kilo 13 zuwa 15. In ya kasa ɗaga shi ya tsallake kwata ko dokin ƙofa, ya yi masa nauyi.

6. Shokozoba: inda ido ke yaudarar samari

Keken da yaro zai fara nunawa da yatsa shi ne mai jibgegen sifirin a tsakiya. A bar shi. A kekunan araha, sifirin ɗin nan yana ƙara nauyi har keken ya kai kilo 18 ko fiye, yana shanye ƙarfin da yaro ke takawa, mahaɗarsa kuma tana saurin sakin jiki ta fara girgiza, ga shi babu wurin ɗaura kariya mai ƙarfi. Masu sifirin na tsakiya na gaske suna nan, amma kuɗinsu ya ninka abin da muke magana a kai sau da yawa.

Abin da ya dace shi ne mai shokozoba a gaba kaɗai, ko ma wanda ba shi da ita sam. Fok ɗin ƙarfe zalla ba ya saurin lalacewa, kuma taya mai faɗi tana rage jijjiga daidai gwargwado. Idan mai shokozobar gaba ne, kama birkin gaba ka danna kan keken da ƙarfi. Ya kamata ta nutse ta dawo a hankali ba tare da ƙara ba. In ta ƙame ba ta motsi, ko tana ƙwanƙwasawa, ko sandunanta biyu masu sheƙi sun yi tsatsa, ta mutu, nauyinta kawai yaro zai riƙa ja. Wannan ba ya hana saye idan sauran keken lafiya lau ne, amma a rage kuɗi.

Kana riƙe da birkin gaban, tura keken gaba da baya, ɗayan hannunka a kan wuya. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya saki. Yawanci ɗauri ne kawai ko sabon boris, gyara ne mai sauƙi.

Gargaɗi ga mai sayen sabo: masu haɗa kekuna a shago wani lokaci suna juya fok baibai. Idan birkin roba ne, a gaban fok yake zama. Idan mai faifai ne, faifan yana hagun mahayi.

7. Ƙafafu da tayoyi

Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, idonka a kan tazarar da ke tsakanin rim da robar birki. 'Yar rawa kaɗan mai gyara zai daidaita ta da ɗaurin wayoyi. Rim ɗin da ke kaɗawa har yana dukan birki, ko wanda ya lotsa a gefe, sai dai canji. Matsa wayoyin bibbiyu da yatsu ka zagaye, ka ji ko akwai sakakku ko karyayyu. Waya ɗaya ko biyu ba matsala ba ce. In sun kai huɗu ko biyar, sauran ma suna hanya. Ƙafa mai wayoyi 36 ta fi jure kaya. Ƙafafun nan da aka zuba su da faffaɗan hannaye uku ko shida a maimakon wayoyi kuwa ba sa daidaituwa idan sun karkace, a guje su.

Kama taya ka girgiza ta hagu da dama. In tana motsi, boris ɗin tsakiya ya saki ko ya cinye. A ƙafar baya a kula sosai: a kekuna masu firiwil, ƙarfen tsakiyar ƙafar yakan lanƙwashe ko ya karye saboda goyo da kaya. Mai gyaran ya cire ƙafar ya murza ƙarfen da yatsa, in yana rawa an gane.

Sa maganaɗisu a rim ma. Rim ɗin alminiyam ya fi, domin na ƙarfe mai sheƙi birki ba ya kama shi sosai idan ya jiƙe da damina.

A taya, duba gefenta kafin samanta. Tayar da ta daɗe a ajiye takan nuna haƙora cikakku amma gefenta duk ya tsattsage. Irin wannan ba ta daɗewa a zafin bazara. Sai bawul: mai kauri irin na babur shi ake so, don kowane mai faci zai iya ba shi iska. Siririn nan mai ɗan noti a kai yana bukatar famfo na daban ko ɗan abin da ake ɗaura masa, in keken da shi ya zo a sayi abin ɗaurin tun a kasuwa.

8. Birki

Iri uku za ka gani. Na roba mai matse rim shi ne mafi sauƙin gyara, robarsa da wayarsa suna ko'ina, kuma yana kamawa sosai idan rim ɗin a miƙe yake. Mai faifai da ke aiki da waya ya fi kyau a taɓo, amma a tabbata ana samun irin takalmin birkinsa, domin siffarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Mai faifai da ke aiki da mai shi ne mafi kamu, sai dai ranar da ya yi yoyo ko iska ta shige shi, ba kowane mai gyara ne ke da kayan aikinsa da mansa ba. Ga ƙauye, na roba ne zaɓin farko.

Yaron ya matse kowane hannun birki da yatsu biyu. Birki ya kama tun hannun bai kai rabin hanya ba. In sai ya taɓa kan keken, waya ta saki ko roba ta cinye. Hannun birki na roba zalla yana lanƙwashewa, na ƙarfe ko alminiyam ya fi.

Gargaɗi: kekunan nan daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, a wasu hannun dama ne birkin gaba, a wasu hagu ne. Yaron ya san nasa kafin ya hau. Damƙe birkin gaba shi kaɗai a gangare ko a kwana mai yashi yana wurgar da mahayi.

9. Giya da sarƙa

Yawan giya ba shi ne ingancin keke ba. Mai faifai uku a gaba da haƙora jeri bakwai a baya, wato giya 21, ya isa duk wata hanya a Kano da Jigawa, kuma kayansa ne suka fi samuwa da araha. Mai jeri tara ko goma a baya sarƙarsa siririya ce, ta fi tsada, ta fi wuyar samu. Idan ka ga Shimano a jikin ƙarfen da ke canza giyar baya, duba ajinsa: Tourney ne na ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, kowanne ya fi wanda aka ambata kafinsa. Ko Tourney na asali zai yi aikin.

Tsaya a bayan keken ka kalli wannan ƙarfen mai 'yan tayoyi biyu da ke rataye a ƙarƙashin haƙoran baya. Ya kamata ya sauko a miƙe. In ya karkata wajen wayoyin ƙafa, keken ya taɓa faɗuwa a ɓangaren dama. Gargaɗi: kada a gwada giya mafi sauƙi a irin wannan yanayi, ƙarfen zai iya shigewa cikin wayoyi ya karye, kuma kai za a ce ka biya. A miƙar da shi tukuna.

Auna sarƙa da tef. Daga tsakiyar wata ƙusa zuwa ƙusa ta 24 a gabanta, sabuwar sarƙa inci 12 ce cif. In ta zarce da kusan milimita ɗaya da rabi, sarƙar na bukatar canji. In ta zarce da milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai an canza su tare, don sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora tsalle take yi. In babu tef, jawo sarƙar daga gaban babban faifai. In ta ɗago har kana ganin haƙori kusan duka, ta gama. Haƙoran da suka yi tsini ko suka lanƙwasa gefe ɗaya su ma sun ƙare.

Kama ƙarfen feda ka girgiza shi ciki da waje. Motsi a nan yana nufin boris ɗin tsakiya. Ka kuma duba ko fedar ta shiga a miƙe. Fedar hagu baibai ake ɗaure ta, kuma da yawa an lalata zaren ƙarfen wajen tilasta ta.

10. Gwajin hawa

Daidaita sirdi tukuna: yaron ya zauna, ya ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunsa ya karkata ba. Mai gyaran ya fara hawa, sannan yaron. A bi giya ɗaya bayan ɗaya, ana takawa a hankali, domin ba a canza giya a tsaye. A nemi ɗan tudu ko yashi a taka da ƙarfi a ji ko sarƙa za ta yi tsalle. A sassauta riƙon kai a wuri mai laushi a ga ko keken na jan gefe ɗaya. A ja birki da ƙarfi sau biyu ko uku. Mai keken da ya hana gwaji, a yi masa sallama.

11. Ciniki da shaida

Ja yaron gefe tun kafin ku isa, ka gaya masa kada ya nuna zumuɗi, in ba haka ba farashi ya tashi. Bari mai kaya ya fara sa suna. Sannan ka fito da takardarka: "Alhaji, tayar baya ta tsage a gefe, sarƙa ta ja, robar birki ta ƙare. Ga kuɗinsu a yau. A cire mini su, sai mu yi magana." In ya ce albarka, ka ƙara kaɗan ko ka nemi ya sa sabbin kayan da kansa a gabanka. A yi maganar la'ada tun kafin a sallama, a san wanda zai biya.

Kifar da keken ka karanta lambar da aka buga a ƙarƙashin wurin fedoji. A rubuta ta a rasit tare da launin keken, sunan mai sayarwa, lambar wayarsa da kwanan wata, ka kuma ɗauki hoton lambar da na keken. Gargaɗi: in an kankare lambar, ko farashin ya yi arahar da ba ta da dalili, ko mai shi ya ƙi a yi cinikin gaban shugaban 'yan keke na kasuwar ko wani sananne, to a bar shi. Keken sata idan mai shi ya gane shi, kuɗinka da mutuncin yaronka ne za su tafi.

12. Kafin ya fara zuwa makaranta da shi

Keken ya kwana wurin mai gyara tukuna. A buɗe boris ɗin ƙafafu biyu, na wuya da na tsakiya, a wanke da kalanzir a cika da sabon giris. A canza duk wayar da ta fara warwarewa. A ɗaure kowane noti. In ƙafafun masu ɗan hannun da ake buɗewa ba da sifana ba ne, a koya wa yaron rufe shi da ƙarfi har ya bar shaida a tafin hannu, kuma ya riƙa zura sarƙar kwaɗo ta cikin firam da ƙafar gaba tare.

Babban abokin gabar keke a karkara ƙaya ce, musamman tsidau da ke shimfiɗe a gefen hanya bayan damina, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Maganin da ba shi da tsada shi ne a samo tsohon tif, a yanke bawul ɗinsa, a tsaga shi, a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif ya zama rufi na biyu. A gyara bakin yankan ya kwanta sosai don kada ya ci tif ɗin. Iska kuma a bi abin da aka rubuta a gefen taya, yawanci tsakanin 40 da 65 a ma'aunin iska na PSI. Mai bin yashi ya tsaya kusa da na ƙasa, mai bin kwalta ya matsa sama. Tayar da ta yi laushi sosai rim ne ke cizon tif ɗinta a kan dutse, ya bar huda biyu a jere. Duk lokacin da aka yi faci, a shafa cikin tayar da tsumma a ciro ƙayar, in ba haka ba gobe ma a koma.

Sarƙa ba ta son baƙin man inji da aka juye daga babur. Da hunturu ƙura yake kamawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙa da haƙora tare. Man keken ɗinki ko sabon man inji ɗan kaɗan ya isa: a ɗiga a kowace gaɓa, a juya feda baya, a goge na waje da tsumma. Sau ɗaya a mako, da kuma duk ranar da ruwa ya doke ta. Kada mai ya taɓa rim, robar birki ko faifai.

A sa ƙararrawa, fitilar gaba mai caji da jan abu mai ƙyalli a baya, musamman ga yaron da zai hau babban titi kamar na Kano zuwa Wudil ko na Kano zuwa Kazaure, ko wanda ke dawowa daga karatun dare. Hular kwano ta keke tana cikin kuɗin da aka ware, kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Ya riƙa tafiya a gefen dama, bi da bi da motoci. Ƙafar wandon dama a naɗe ta ko a sa mata roba, doguwar riga ko hijabi a tattare su kada su kai ga sarƙa ko wayoyin baya. Goyon aboki a kan kariya a hana shi tun ranar farko, shi ne ke karya ƙarfen ƙafar baya.

Bayan mako biyu a mayar da keken wurin mai gyara, domin sabbin wayoyin birki da na giya suna saki a kwanakin farko. Daga nan, a farkon kowane zangon karatu a sake gwajin diddige a feda, a ɗaga sirdi gwargwadon tsawon da yaron ya ƙara.